Dubu 500 a hannu, ga karatu ga haɗa kiɗa: wace kwamfuta zan saya?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina aji biyu. Shekara guda ke nan ina koyon haɗa kiɗa da FL Studio a kan kwamfutar yayata, wata 'yar Celeron mai RAM gig 4. Da zarar kayan kiɗan da na jera sun kai goma sai sauti ya fara kakkatsewa yana ƙaraf-ƙaraf, in kuma na zo ɗaukar murya sai in riƙa jin muryata tana dawo min a makare. Yanzu kawuna ya ba ni naira dubu 500 in sayi kwamfutar karatu, ni kuma ina so wadda zan saya ta yi min aikin makaranta ta kuma yi min kiɗa. Abokina ya ce in dai ba MacBook ba ce, asarar kuɗi zan yi. Wani mai shago ya nuna min wata ƙatuwa ta 'yan gem mai fitilu kala-kala, ya kuma nuna min wata Core i7 da ya ce zai bar min da sauƙi. Kaina ya ɗaure. Sannan kawu bai san da maganar kiɗan nan ba. Ina neman shawara. Ƙaninka daga Zariya.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa kawu da alheri, ya ƙara masa buɗi.

Bari in fara da abin da mai shago ba zai faɗa maka ba: kada ka zuba wa kwamfutar dubu 500 ɗin nan gaba ɗaya. Matsaloli biyu ka kawo min, kuma ba uwarsu ɗaya ba. Kakkatsewar sauti, wannan yawanci gajiyar kwamfuta ce, sabuwa za ta magance. Amma muryar da kake ji a makare, ko kwamfutar miliyan uku ka saya ba lallai ta rabu da kai ba, domin maganinta yana wurin ɗan akwatin nan da ake haɗa makirufo da kwamfuta ta cikinsa, wanda 'yan situdiyo ke kira sawunkad. Saboda haka tun daga gida ka raba kuɗin: kamar kashi biyu cikin uku na kwamfuta, ragowar na sawunkad da hedifon mai waya, in da saura a haɗa da makirufo. Ba zan yanka maka farashi a nan ba, don kayan nan dala suke bi, abin da na faɗa yau mako mai zuwa sai ya zama ƙarya.

Yanzu kwamfutar. Wannan Core i7 da aka ce za a bar maka da sauƙi, ita na fi tsoro a duk cikin wasiƙarka. Sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai, kamar a ce maka "ga Toyota" ne ba a faɗi shekararta ba. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da sunan. In ka ga i7-4600U, wannan 4 ta farko ita ce zubin, wato zubi na 4, kayan 2013 ke nan. In ka ga i5-8350U, zubi na 8 ne. Daga na 10 zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa, i5-1135G7 zubi na 11 ne. 'Yan kasuwa "jen" suke cewa, to ka tambaya kai tsaye, jen nawa ce, kuma kada ka tsaya a amsar baki.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan: firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana da hannaye da take aiki da su, kuma a irin siraran kwamfutocin ofis ɗin nan masu harafin U a ƙarshe, har zuwa zubi na 7 hannu biyu ne da su, ko i5 ce ko i7. A 2017 da Intel ya fito da zubi na 8 ne ya mayar da su hannu huɗu. Ma'ana i5-8350U ta fi i7-7600U ƙarfin ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, duk da cewa sitikar ta biyun ta fi cika ido. Manhajar kiɗa kuwa rarraba wa hannayen nan aiki take yi, wannan ya ɗauki ganga, wancan ya ɗauki algaita, wancan ya ɗauki gyaran murya. Akwai kuma dalili na biyu. Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 ta fara karɓa. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a kan tsofaffi, na sani, amma me zai sa ka fara rayuwa da sabuwar kwamfuta a kan dabara? Zubi na 8 shi ne ƙasan tsaninka, in ka samu na 10 ko na 11 a cikin kuɗinka, madalla. In kuma ka ci karo da mai AMD, kada ka tsorata don ba ka saba jin sunan ba. Ryzen 5 4500U da Ryzen 5 PRO 4650U hannu shida-shida gare su, kuma sau da yawa mutane na tsallake su a shago saboda kawai ba a rubuta Intel ba.

RAM kuma ka ɗauke ta kamar teburin tela. Ma'ajiya ita ce kantar da yadudduka ke jibge, RAM ita ce faɗin teburin da yake shimfiɗa wanda yake yankawa a yanzu. Tebur in ya yi kaɗan, sai ya yi ta ɗauke wannan yana ajiye wancan, aiki na tsayawa. Windows 11 da Chrome su kaɗai sukan mamaye rabin gig 8 kafin ka taɓa kiɗa. Gig 16 nake so ka nema. In kuɗi ya matse, ka ɗauki mai 8, amma da sharaɗin tana da gurbin ƙari, kuma ka sa a buɗe bayanta ka ga gurbin da idonka, domin da yawa daga cikin siraran nan an like musu RAM ɗin a jikin allon ciki, yadda ka saya haka za ku mutu tare. Ma'ajiya kuwa SSD, babu ciniki a nan. Tsohon faifan nan mai juyawa, HDD, ko tera guda aka ce maka ka ce ka gode. Gig 512 ya fi kwanciyar hankali, 256 zai cika maka da wuri. Ba muryar da kake ɗauka ce ke cin wuri ba, minti guda na murya ɗaya mai inganci bai kai megabait 9 ba. Tarin sautukan da za ka yi ta ɗorawa ne ke ci, wata manhajar sautuka, Omnisphere, ita kaɗai gig 64 take nema.

Da wannan ma'auni, ni inda zan tura ka shi ne wajen kwamfutocin ofis na hannu, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka yi shekara uku ko huɗu da su suka sauya, 'yan kasuwa suka kwaso. Lenovo ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5 ko G6, Dell Latitude 5490, duk ana samunsu da zubi na 8, sai dai akwai masu na 7 a cikinsu, ka duba lambar, duk suna da gurbin RAM biyu, kuma kayan gyaransu, daga batir har madannai, ba sa wahalar samu a titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja. Ba su da kyan gani, musamman ThinkPad, baƙa ƙirin kamar allon makaranta, amma an yi su ne don wahala. Sabuwa dal a kwali da irin wannan kuɗin, galibi Celeron ko ƙanwarta za a miƙo maka, ka koma gidan jiya da sabuwar riga.

Abokinka mai MacBook bai yi ƙarya ba, ya dai faɗi rabin magana. Tun da Apple ya fito da M1 a ƙarshen 2020, MacBook Air ta zama abin so ga mai kiɗa: ba ta da fanka sam, don haka ba ta da ƙarar da za ta shiga makirufo, batirinta na kai mutum yini, ga manhajar kiɗa ta GarageBand kyauta, FL Studio ma yana hawa kanta tun 2018. In da kuɗinka ya ninka haka, da ban hana ka ba. Amma a yadda kake, za ta lamushe kuɗin duka, wataƙila ma ka ciyo bashi, ka tashi da mai gig 8 da ma'ajiya 256 waɗanda ba a ƙara su har abada, da ramin USB-C guda biyu tak, ba sawunkad ba hedifon. In ta samu matsala kuma, gyaranta ba na kowane mai benci ba ne. Abin da nake jin tsoro ma shi ne son tambarin tuffa ya kai ka ga tsofaffin MacBook masu Intel don su ne kuɗinka zai kai. Waɗannan Apple da kansa yana sallamarsu, ya riga ya sanar cewa macOS 26 ce ta ƙarshe da za ta hau kansu. Ka kuma tambayi sashenku a makaranta irin manhajojin da za ku yi aiki da su, don wasu a Windows kaɗai suke tafiya.

Ta 'yan gem kuwa a taƙaice: kaso mai tsoka na kuɗinta na katin hoto ne, kiɗa kuma ba ruwansa da katin hoto. Ga nauyi, ga caja kamar bulo, ga batir mai ƙarewa kafin a gama lacca biyu, ga fanka mai huci kamar injin niƙa. Sai dai in kana da niyyar haɗa bidiyo mai nauyi, wanda ba ka ambata ba.

Mu dawo kan muryar da ke makara. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi a ɗan mazubi, in ya cika ta miƙa. Mazubin nan shi ne bafa. A ma'aunin 44,100 da aka saba aiki da shi, bafa 128 na ɗaukar kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa kafin ta cika, 1024 kuma kashi 23, sannan ka ninka biyu don sai murya ta shiga ta kuma fito, har da ɗan ƙari. Kashi 3 ɗin nan kamar ka tsaya mita ɗaya ne daga sifika, kunne ba ya lura. Amma in ya kai 40 ko 50, mawaƙi zai ji kamar wani na bin bayansa yana kwaikwayonsa, nan take ya rikice ya saki kari. Ƙaramar bafa na kawar da jinkiri amma tana wahalar da firosesa, babba na hutar da firosesa amma tana kawo jinkiri. Shi ya sa masu aikin ke sauya ta: ƙarama lokacin ɗaukar murya, babba lokacin gyara da haɗawa. Tun yau ka gwada a kwamfutar yayarka. Danna F10 a FL Studio, shiga wajen sauti, zaɓi FL Studio ASIO, ka ɗaga bafa zuwa 1024 ko sama. Za ka ga ƙaraf-ƙaraf ɗin ya ragu ba ka kashe ko sisi ba.

Amfanin sawunkad shi ne tana zuwa da direbanta, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, na ASIO, hanyar da kamfanin Steinberg mai Cubase ya ƙirƙiro don sauti ya wuce kai tsaye ba tare da ya bi layin Windows ba. Sannan tana da maɓallin da ke mayar maka da muryarka kunne tun kafin ta shiga kwamfuta, tana kuma ba makirufon situdiyo wutar 48V da yake buƙata, abin da ramin hedifon na jikin kwamfuta ba zai taɓa yi ba. Focusrite Scarlett Solo ita ce aka fi sani, Behringer UMC202HD ta fi ta sauƙin kuɗi kuma tana da nata direban. In kana cikin masu son jin Auto-Tune a kunne suna tsakiyar rerawa, kamar yadda yawancin mawaƙanmu suka saba, to nan dole muryar ta ratsa ta cikin kwamfuta, nan ne ƙaramar bafa da firosesa mai hannu huɗu za su nuna amfaninsu. Hedifon na Bluetooth kuma ka bar shi don sauraren karatu a mota, jinkirinsa ya wuce a yi kiɗa da shi. Ka ƙirga ramukan USB ma kafin ka biya: ɗaya na sawunkad, ɗaya na fiyano in ka samu irin Yamaha PSR ɗin nan da aka daɗe ana kiɗan finafinanmu da su, ɗaya na linzami ko filas. Uku ke nan tun ba a je ko'ina ba.

Akwai abin da masu ba da shawara daga ƙasashen sanyi ba sa sawa a lissafi, wuta da zafi. Na taɓa kwana biyu ina farautar wani gunji, zuuu, da ke bin duk muryar da muka ɗauka a ɗakin wani ƙanena. Mun sauya waya, mun sauya makirufo, har mun fara zargin sawunkad ɗin jabu ce. Ana cikin haka ƙafar wani yaro ta fizge cajar kwamfutar daga soket, sai ɗakin ya yi tsit a hedifon. Ashe caja ce 'yar kanti da aka haɗo mu da ita a shago, ga kuma wutar janareto. Tun daga ranar, in za mu ɗauki murya sai mu cire caja mu yi a kan batir. Ka ga ke nan batir mai rai da caja ta asali ba ƙawa ba ne a wurinka, kayan aiki ne. Wani abin daɗi da T480 da EliteBook ɗin da na ambata, suna karɓar caji ta USB-C, don haka fawabank mai ƙarfin wat 65 zai iya riƙe maka su ranar da nefa ta yi halinta. Sai dai ka sani Windows kan rage wa firosesa gudu in an cire caja, sai ka shiga saitin wuta ka mayar da shi kan cikakken ƙarfi lokacin aiki.

Zafi kuma, ka san yadda Afrilu take a Zariya. Firosesa in ta yi zafi da yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ka ga waƙar da ta tafi lafiya da asuba tana kakkatsewa da azahar. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma, ka sa mata wani abu ta baya ya ɗan ɗaga ta iska na shiga, kuma bayan kowane hunturu ka kai a buɗe a busa ƙurar da ta toshe fankar. Ta hannu ce, don haka tun ranar saye ka sa a sauya mata man nan da ake shafa wa firosesa, na jikinta ya daɗe da bushewa.

Ranar da za ka je kasuwa, ka tafi da wanda ya san kan abin, ka kuma tafi da filas ɗauke da FL Studio na gwaji. Ka nemi kujera ka zauna, kada ka yarda da tsayuwar gaban kanta ana yi maka surutu. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a nan za ka ga cikakkiyar lambar firosesa, da yawan hannayenta a gaban kalmar Cores, da RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce. Sitika ana liƙa ta, wannan shafin kuwa ya fi wuyar yi wa kwalliya. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da takarda mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. In ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin 100, ko a sauya ko a rage maka kuɗin sabo. Sannan ka saki sauti mai nauyi ya yi ta maimaituwa minti 20, ka sa tafin hannu a ƙasanta, ka kasa kunne ga fankar. Akwai 'yar manhaja kyauta, LatencyMon, da ke gaya maka ko wani direba a cikin kwamfutar zai riƙa tsinka maka sauti, bar ta ta yi minti goma tana aiki. Kafin nan ka bi madannai ɗaya bayan ɗaya, ka soka filas a kowane rami, ka gwada kyamara saboda karatu ta intanet, ka kashe ta ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar tsohon kamfanin da ya yi amfani da ita bai bar mata makulli ba. Mai shagon da ya ƙosa da wannan binciken, ya riga ya ba ka amsa, tashi ka shiga na gaba. A rasit kuma a rubuta lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti, ko da mako biyu ne.

Za su ce za su cika maka ita da manhajoji kyauta, duk fasassu. Ban da maganar haƙƙin masu su, ta nan ƙwayoyin cuta suka fi shigowa, kuma kwamfutar da ke ɗauke da aikin makarantarka ba wurin caca ba ce. FL Studio na gwaji yana barinka ka yi waƙa ka fitar da ita, abin da ya hana shi ne sake buɗe aikin da ka adana. Ranar da ka tashi saye, ka lura mafi arha cikin nau'o'in FL Studio, Fruity, ba ya ɗaukar murya, Producer za ka nema, kuma in ka saya sau ɗaya sabuntawa kyauta ce har abada. Kafin nan akwai wata manhajar kiɗa, Reaper, kwana 60 na gwaji, lasisinsa na ɗaiɗaikun mutane dala 60.

Saura maganar kawu, wadda ka saka a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba, alhali na san ita ta fi damunka. Kwamfutar da na kwatanta maka ita ce dai wadda zan ce ɗalibin da bai san kiɗa ba ya saya, don haka a nan ba ka ci amanar kowa ba. Amma kuɗin sawunkad da makirufo, wannan ba abin da ya bayar don shi ba ne. Kada ka sayo ka ɓoye a ƙarƙashin gado, ranar da ya gani a bakin wani zai ji, kuma daga ranar ko kuɗin rajista ka nema sai ya yi tunani biyu. Je ka same shi bayan ka sayi kwamfutar, ka nuna masa ita da rasit, ka ajiye canjin a gabansa, sannan ka ce kana koyon sana'ar haɗa sauti, kana neman izininsa ka sayi kayanta da ragowar. Ka tafi da abin da zai ji a wayarka, kuma ka zaɓa da hankali: sanarwar makaranta da ka haɗa, ko tallar shagon wani, ko karatun da ka tace wa wani malami, abin da zai nuna masa aikin ya fi waƙar biki faɗi kuma ana samun na cefane da shi. In kana jin nauyinsa, ka bi ta wajen mahaifiyarka, ɗan'uwanta ne, ta fi ka sanin lokacin da ake tararsa. Sakamakon jarrabawarka na zangon da ya wuce ma ya kasance a aljihu, don ita ce tambayar farko da zai yi.

In ya amince, shi ke nan. In ya ce a'a, ka mayar masa da canjinsa, ka ci gaba da haɗa kiɗanka da hedifon da FL Studio ASIO, ɗaukar murya ka riƙa zuwa situdiyon wani kana biyan kuɗin awa, har ka tara na sawunkad daga aikin hannunka. Kafin ka biya kuɗin kowace kwamfuta, ka ɗauki hoton shafin Task Manager ɗinta da na batirin ka turo min in duba maka.